Abin da ya sa bama-bamanku ke faɗawa jeji a DCS World

Na gaji da jin sababbin matuƙan jirgin yaƙi na A-10C a DCS World, wasan kwamfuta na tuƙa jiragen yaƙi, suna cewa wasan ne ya lalace idan bama-bamansu suka kauce wa abin hari. Wasan lafiyarsa ƙalau, kuskuren da aka yi jiya ne ake maimaitawa yau.

Babbansu shi ne mantawa da SPI, wato wurin da jirgin ya ɗauka a matsayin abin hari. Ganin tankar yaƙi a allon Litening, kyamarar auna hari da ke maƙale a jirgin, ba ya nufin kwamfutar jirgin ta san da ita. Sai ka mayar da kyamarar ita ce na'urar da kake sarrafawa, ka tura maɓallin TMS da ke kan sandar tuƙi gaba ka riƙe, sannan jirgin zai bar wurin da yake lissafi a kai ya koma kan tankar. Wannan ya taɓa ƙona min rai sosai. Na taso daga filin jirgin Kutaisi da ke ƙasar Jojiya, na shafe kusan minti 40 a sama, abokaina a ƙasa suna jiran in share musu hanya. Na saki GBU-12, bam mai bin hasken leza, har guda huɗu, babu wanda ya je kusa, domin jirgin yana auna tsohon wurin da ke kan taswirar tafiya. Aka tarwatsa ayarinmu ina kallo. Tun ranar ba na taɓa maɓallin saki sai na duba ƙasan gilashin gabana ta hagu na ga an rubuta TGP, wato jirgin yana auna inda kyamarar take kallo. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba.

Lambar leza ma haka: ta bam da ta kyamara dole su zama ɗaya. Kowa yana farawa da 1688, saboda haka idan ku biyu ne a wuri guda, ku raba lamba tun a ƙasa, kada bam ɗinka ya bi hasken wani. A tsarin CCRP kuwa, inda kwamfutar jirgin ke lissafa lokacin sakin bam, riƙe maɓallin saki ake yi har bam ya fita da kansa, ba dannawa a saki ba. Makami mai linzami na Maverick yana buƙatar minti 3 kafin idonsa ya buɗe, ka kunna shi tun a hanya. Master Arm, makunnin da ke ba makamai damar fita, don Allah a duba.

Sai kwaɗayin bindiga. Kowa yana son jin rugugin GAU-8 mai milimita 30, shi ya sa za ka ga yaro ya nutso kan ayarin motoci bai leƙa me ke gadinsu ba. Haba! Shilka, motar kakkaɓo jirgi, tana da bakin bindiga huɗu da rada, kuma duk abin da ya shigo cikin kilomita 2.5 nata ne. Ka tsira a zagayen farko, sai ka dawo ta hanyar da ka bi ɗazu, a tsayi ɗaya, kamar mai zuwa kasuwa? Me kake tsammani? Ni ina tsayawa a ƙafa 15,000, sama da inda Igla, makami mai linzami da ake harbawa daga kafaɗa, ke kaiwa, in bi ayarin mota-mota da kyamara, in kashe masu kakkaɓo jirgi da Maverick daga nesa. Bayan nan ne nake sauka da bindiga, harbi gajere na daƙiƙa ɗaya ko biyu, in karkata in fice ina zubar da tartsatsin ruɗar makamai. Zagaye na biyu kuma daga wata kusurwa dabam nake shigowa, ko da zai ci min ƙarin mai.