Yadda zaka yi aiki kusa da bel ɗin inji ka koma gida da yatsunka goma

Wannan bayani na ƴan uwa ne masu aiki a kamfanonin casar shinkafa da na taliya da manyan gidajen burodi a nan Sakkwato, musamman sabbin shiga da ake ajiyewa bakin bel mai jan kaya ba tare da an nuna masu komi ba.

Abu na farko tun daga gida ne, wato kaya. Kaftani mai faɗin hannu, rawani, zobe, carbi a wuya, igiyar iyafis, duk ka aje su. Mata kuma a nemi ƙaramin hijabi a cusa bakinsa cikin rigar aiki. Silifas ma ba na wurin aikin bane, ƙasan wurin bata rabuwa da ruwa ko mai ko buntu, santsi ɗaya ya isa ka kai hannu inda bai kamata ba. Safar hannu kuwa tana da amfani wajen ɗaukar buhu amma kusa da rola, wato gangar ƙarfen da ke juya bel, ita ce inji ke fara kamawa.

In ka shiga, kafin a tada inji ka zagaya ka san bakin dodon. Tsakiyar bel ba ta cika cin mutum ba, haɗarin yana inda bel ya haɗu da rola, da wajen sarƙa da haƙoranta, da ƙarƙashi inda bel ke dawowa. Bel mai tafiyar mita 1 a daƙiƙa zai ja hannunka har kafaɗa kafin ka gama cewa wayyo. Ka duba murafun ƙarfen nan suna wurinsu, don sau da yawa bakanike zai kwance ya yi gyara ya jingine murfin a bango a manta. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, saboda haka in ka ce oga a maida murfi ba rashin kunya ka yi ba. Ka kuma san inda jan maɓallin tsayarwa yake, ko igiyar da ake ja, a gwada a ga yana aiki.

To ga babbar maganar, buhu ya maƙale ko kullu ya manne a rola ana son sharewa. Ka tsayar da inji, ka je babban makunni ka sauke shi, ka sa kwaɗo, makullin a aljihunka, ka rataya kwali da sunanka, sannan ka dawo ka danna maɓallin tayarwa ka tabbatar bai motsa ba. In ku uku ne kowa ya sa nasa kwaɗon. Ɗauke wuta fa ba kashe inji bane! A garin nan da nepa ke wasa da mu, mutum zai ce bari in yi sauri kafin a tada janareta, shi kuma mai janareta yana can baya bai san akwai hannu a ciki ba. Kuma sauri saboda mota na jiran lodi ba hujja bace, direba zai iya jira.

Kar ka tsallaka bel, kar ka bi ta ƙarƙashi, zagaya ko da nisa. Mai tayarwa kuma ya ɗaga murya ya ga kowa da idonsa tukuna. Lokacin zafin Afrilu ko azumi in ka ji jiri ka matsa gefe, ba ragwanci bane.

In tsautsayi ya faɗa, a fara tsayar da inji a kashe daga makunni, kar a ja mutum da ƙarfi, bakanike ya sassauta bel a zare shi. A danne jinin da tsumma mai tsabta, ban da toka ko baƙin mai. Yatsa in ya cire a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a wuce asibitin koyarwa na Danfodiyo ko Sifeshalis da shi. Sannan a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, su kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba su kwana 7 su kai rahoto NSITF, wato hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, ka riƙe kwafin takardar a wurinka.