In mage ta ji ciwo a wutsiya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu mage a gida. Ƙofar langa-langa, tarkon ɓera da faɗan muzurai su suka fi raunata wutsiyarta, sai kuma yara masu janta.

Ku fara duba gindin wutsiyar. Cizo ba ya nuna kansa ranar farko. Bayan kwana biyu ko uku wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fashe da mugunya mai wari. A rage gashin da almakashi, a zuba ƙaramin cokali na gishiri cikin rabin lita na tafasasshen ruwa, ya huce, a riƙa wankewa safe da yamma. Da damina a kula da ƙuda, don tsutsa ba ta jira.

Don Allah kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka kada a sa wa ciwon Dettol, bakin mai ko toka, domin lashewa za ta yi.

In wutsiyar ta yi laƙwas tana jan ƙasa, ko fitsari ya ƙi fita, mai yiwuwa jijiya ce ta taɓu. A nemi likitan dabbobi a ranar, ban da jiran ranar kasuwa.