Kurakuran da ma'aurata ke yi wajen neman abinci mai daɗi a cikin unguwa

Miji da mata masu son cin daɗi sukan fara da manyan gidajen abinci na bakin titi, kafin su gane cewa wainar da gari ke magana a kanta tana can cikin lungu, a hannun wata dattijuwa da ko allon talla ba ta da shi. Da yawa kuma idan sun je sai su dawo suna cewa ashe zuzutawa ce kawai. Galibi laifin ba na mai girkin ba ne. An je ba a kan lokaci ba, ko an sayi abin da ba shi ne gwanintarta ba, ko an ƙulle shi a leda har ya mutu kafin a iso gida. Yawancin misalan nan na Kano ne, amma haka abin yake a Zariya, Katsina, Maraɗi ko Damagaram.

Zuwa bayan abinci ya wuce lokacinsa

Wannan shi ne babba. Abincin unguwa ba ya zama yana jiran mai saye, kowanne da sa'arsa.

Koko da ƙosai na bayan asuba ne zuwa wajen ƙarfe 9. Wanda ya zo bayan nan zai tarar da man ya sha suya har ya yi duhu, kokon kuma ya tsinke. Waina ta fi kowa saurin ɓata rai: ƙullun shinkafar kwana yake yi yana tashi, rana na ƙara zafi yana ƙara tsami, don haka wainar hantsi ba ta kai ta sassafe laushi da garɗi ba. A tsaya a gaban tanda a karɓi wadda aka kwashe yanzu, ko da za a yi jiran minti 10, maimakon a yarda da wadda ke jibge a kwano tana gumi.

Mai tuwo takan sauke tukunya wajen azahar. Daga ƙarfe 1 zuwa 2 da rabi miyar tana da kaurinta, naman kirki bai ƙare ba. Idan la'asar ta gabato, miyar kuka ko ta kuɓewa ta sha ɗumame, wani wurin ma an ƙara mata ruwa don ta kai. Tsire kuwa tsakanin magariba da isha'i ya fi. Mai zuwa da wuri, lokacin da ake hura tukuba, shi ake sallama da kwantan jiya da aka ɗumama. Ana gane kwantai da duhun ƙulin da taurin gefen naman. Babu laifi a ce, "Malam, na yau nake so, zan jira."

A tuna kuma ranar Juma'a wurare da yawa suna rufewa lokacin masallaci, a watan azumi kuwa harkar gaba ɗaya ta koma bayan shan ruwa.

Tambayar da ba ta kai mutum ko'ina

Idan ka tare mutum ka ce, "Ina ne wurin cin abinci mai kyau?", ganinka da iyali zai sa ya girmama ka ya tura ka wuri mai tsada da shi kansa bai taɓa shiga ba. Tambayar da ke aiki ita ce, "Ku a ina kuke cin tuwon rana?" A yi wa direban adaidaita sahu ita, ko tela, ko mai shago a kasuwa, mutanen da kullum a waje suke ci kuma ba za su koma inda aka taɓa ɓata musu ciki ba.

A nan ma'aurata suna da wata dama da gwauro ba shi da ita, amma ba kasafai suke amfani da ita ba. Mafi yawan gwanayen ɗanwake, alkubus, funkaso, sinasir da dambu a cikin gidajensu suke yi, yara ne ke fitowa da shi talla, kuma gidajen "ba shiga" ne ga namiji. Uwargida ce za ta ji labarinsu a gidan kitso, a Islamiyya ko wurin biki, ita ce za ta yi sallama ta shiga har gindin murhu ta ga yadda ake yi. Maigida kuma shi ke da bakin tukuba da teburin mai shayi. Idan aka bar neman a hannun mutum ɗaya, rabin abincin unguwa ya wuce su.

Bidiyon TikTok da Facebook na iya nuna hanya, amma wasu talla ne da aka biya. Layin mutanen unguwa a ranar aiki irin Talata ya fi su gaskiya.

Neman komai a wuri ɗaya

Kowane mai sana'a da abin da ya yi suna a kansa. A Kano ana zuwa Jakara don gurasa, Agadasawa don kilishi, Sabon Gari don sakwara da miyar agushi da sauran girkin kudu. Masa kuwa Bauchi aka sallama wa. Mai garau-garau da ta ƙara taliya a gefe don kada ta rasa ciniki ba a taliyar hannunta yake ba. Kafin a ce a zuba, a dubi farantan mutanen da ke zaune. Abin da bakwai cikin goma ke ci, shi za a fara da shi.

Wani ƙaramin kuskure shi ne su biyun su sayi abu iri ɗaya. A karon farko a karɓi kala biyu, kowanne kaɗan: malmala ɗaya da miyar taushe, ɗaya da ta kuka, a yi musaya. Ƙari ba ya wuya, amma abin da aka zuba ba ya komawa tukunya. A wurin mai nama a karɓi ɗanɗano tukuna, sannan a faɗi abin da ake so da sunansa, tsoka ko tozo ko hanta ko ƙoda, domin wanda ya ce "a ba ni na dubu kaza" kawai, kitse ne zai cika masa takarda. A ce a sa yaji a gefe. Yajin wani ya fi ƙarfin bakin wani, kuma yajin tsire da ƙuli ake haɗa shi, wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa sai ya kiyaye. A ji farashi kafin wuƙa ta hau nama.

Rashin sanin inda za a zauna

Da yawan wuraren nan benci biyu ne cike da maza. Kai mace irin wannan wuri ba tare da an duba ba yakan ƙare da ita a tsaye a gefen titi tana jin nauyi, abincin ma ba zai shiga ba. Maigida ya fara leƙawa shi kaɗai ya ga ko akwai ɓangaren iyali ko wani ɗaki na ciki. In babu, a taho da kula daga gida, a sami wuri mai natsuwa ko a koma gida a ci.

Kular ba ado ba ce. Tuwo mai zafi a leda yana ɗaukar warinta, waina ta yi gumi ta lanƙwame, tsire a tsohuwar jarida kuma tawada yake kwasa. A riƙe kula biyu, miya daban. Ba kowane abinci ke jure tafiya ba: kilishi, dambun nama da gurasar da ba a jiƙa ba za su kai ko'ina, amma bandashe da ɗanwake da ƙosai, idan tafiyar ta wuce minti 20, gara a ci a kusa.

Auna tsafta da fenti da kujera

Wuri na iya shan tayil da fitilu, kicin ɗinsa kuwa ba ya shiguwa. Rumfar kara kuma na iya fin shi tsafta. Ga abin da ake kallo.

Na farko ruwan wanke-wanke. Idan baho ɗaya ne tun safe, ya yi kauri da maiƙo, a ci a kular gida ko a haƙura. Na biyu hannu: wanda ke karɓar kuɗi shi ne ke damƙar nama? Masu lura sukan sa yaro ɗaya a kan kuɗi, ko su yi amfani da mara da ludayi. Na uku zafi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba, wanda za a ajiye da zafi kuma ya kasance sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius. Ba mai yawo da ma'auni, amma tururi shaida ne. Shinkafa ce ta fi haɗari a nan, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta yaɗu ta saki guba, ɗumame kuma ba ya kawar da gubar. Shinkafa mai ɗumi-ɗumi da la'asar, a bar ta.

Da damina, lokacin da amai da gudawa da taifot ke yawaita, ɗanyen latas da kabeji da tumatir da ake barbaɗawa a kan abinci su ne ƙofar cuta, haka ƙanƙarar da ake jefawa cikin zoɓo da fura ba a san ruwanta ba. A ce a bar ganyen, a sha abin da aka sanyaya cikin robarsa a rufe. Man suya da ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi ya gama aiki. Naman da ya yi laushi fiye da ƙima har yana marmashewa, alhali ba shi da ɗanɗanon nama, shi ma abin tsayawa ne: NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta sha jan kunnen masu jefa farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin dahuwa.

Idan uwargida na da juna biyu, a ƙara kiyayewa. Nonon da ba a tabbatar an tafasa madararsa ba, naman da cikinsa ke da ja, da yawan cin hanta, duk a jinkirta su.

Abin da ke tsakaninsu su biyu

Akwai mazan da za su kai loma baki su ce, "Kin ji yadda ake miya!" Wannan kalma ɗaya ta isa ta kashe fitar, ta kashe ta gaba ma. A yabi abincin ba tare da an ɗora shi a sikeli da na gida ba. Ita ma idan ta ji abin da ya burge ta, ta tambaya cikin ladabi, "Hajiya, daddawar nan ta ina ce?" Wata za ta faɗa, wata ta yi dariya ta ce sirrin sana'a ne. Duka biyun daidai ne.

Kada a bari ta gama tuƙa tuwon dare sannan a ce ta shirya a fita. A faɗa tun safe, kafin a ɗora tukunya. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya bi ranar girki, ya kuma riƙe lissafi, domin tsiren da aka kai wa ɗaki ɗaya ƙamshinsa har ɗaya ɗakin yake zuwa.

Saura biyu ƙanana. A riƙe tsabar kuɗi da canji, domin ba kowace mai waina ke karɓar tiransifa ba, inda ake karɓa ma sabis kan ɗauke bayan an riga an ci. Sannan kada a yanke wa wuri hukunci da zuwa ɗaya. Wata rana mai girkin ce ba ta nan, 'yarta ta riƙe mata. A koma karo na biyu a wata rana daban, a kan lokaci. Idan ya yi, a karɓi lambar waya, a riƙa kira kafin a fito a ce a ajiye waina goma da miya, gyara kuma takan fara zuwa da kanta daga zuwa na uku.