Gyara wayarka tun a gida kafin a ƙwace ta

Da an ce leƙen asiri sai hankalin mutane ya tafi kan Pegasus, manhajar nan ta kamfanin NSO na Isra'ila da aka kutsa wayoyin mutum kusan 1,400 da ita ta WhatsApp a 2019. Eh tana nan, amma tsada gare ta, ba kowa ake kashe wa wannan kuɗin ba. Yawanci abin da ke tona asirin ɗan gwagwarmaya wayarsa ce da aka fizge ranar zanga-zanga, sai layinsa, sai kuma wani munafuki a guruf mai ɗaukar sikirinshot.

To fara da makulli. Cire buɗewa da yatsa ko fuska, sa lambobi shida ko sama, kuma don Allah ban da shekarar haihuwarka. Yatsa ai kama hannunka kawai za a yi a danna, lamba kuwa sai ka faɗa da bakinka.

Layi kuma kar ka yaudari kanka, tun Disamba 2020 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce a haɗa sim da NIN layinka sunanka ne da hotonka, kamfanin waya ya san wa ka kira da ƙarfe nawa da unguwar da kake ko da ka kashe data, don haka kira da tes na yau da kullum ka bar su wa gaisuwa da cefane. In taron mai hatsari ne bar babbar wayar a gida gaba ɗaya.

Maganar tsare-tsare a koma manhajar hira ta Signal, ko in WhatsApp ɗin ne dole to shiga saiti ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa saƙonni su riƙa gogewa da kansu bayan awa 24. Ga inda ake yawan sakaci: bakof ɗin, wato kwafin hirarrakinka da ke tafiya Google Drive, ba a kulle yake irin na hirar ba sai ka kunna masa nasa makullin da hannunka. Sannan guruf mai mutum ɗari biyu kasuwa ce, duk abin da ba za ka iya maimaitawa gaban alƙali ba kar ka rubuta shi a can. Duk sanda waya ta nemi sabuntawa ka yi, ramukan da ake shigowa ta cikinsu take toshewa.

VPN, manhajar nan ta kewaye shingen intanet da kowa ya koya lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 yana da amfani, amma ba ya ɓoye wa kamfanin layi inda kake, na kyauta kuma ni dai ban yarda da su ba. In aka datse sabis ɗungurungum kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumba 2021 ba abin da zai tsinana maka. Shi ya sa ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin a fita, lambar lauya ka rubuta a takarda ka sa a aljihu, sannan wani a gida ya san lokacin da ya kamata ka dawo da wanda zai kira in ya ji shiru.