Shawara ga masu son haƙo bishiyar daji su yi bonsai

Salam 'yan uwa, masu tambaya ta kan bonsai, wato ƙaramar bishiyar nan ta cikin tukunya irin ta Japanawa, ba sai kun sayi 'yar waje ba, dajin mu na Sinnar da Gadarif, nan Sudan, cike yake da kaya.

Ni dai tsamiya na fi so, ganyenta ƙanana ne kuma tana jure aski, da magariba ka ga ganyen ya rufe kamar mai barci. Kuka ma tana yi sosai, amma in ta zubar da ganye da rani ka ɗauke mata ruwa, in ba haka ba gindin ruɓewa zai yi, ni na kashe biyu a haka. Gawo kuwa da damina yake zubar da nasa ganyen, kar ka ce ya mutu ka jefar.

Ka nemi wadda awaki suka yi ta ci ta tsugune, gajera mai kaurin gindi, ita ce ta gari. Matsalar su aduwa da bagaruwa saiwar tsakiya ce mai zurfin tsiya, to kar ka tumɓuke rana ɗaya, farkon damina ka haƙa gefe ka datse saiwar ka mayar da ƙasa, baɗi ka dawo ka ɗauka ta fitar da ƙananan saiwoyi.

Baƙar lakar nan tamu kar ta shiga tukunya, riƙe ruwa take. Yashin kogi da dakakken jan bulo, tukunya mai huji, sati uku a inuwa.

Kuma don Allah a tambayi mai gona tukuna, musamman dakwara, ƙaronta abincin wani ne.