Shawara ga masu turo baitoci

Salam 'yan uwa. Wata 'yar shawara ce gare mu masu rubuta waƙa, don Allah kafin ka turo baitinka ka rera shi da baki tukuna, ka danna rikodin a waya ka saurari kanka. Ido yana yaudara wallahi, a takarda sai ka ga ƙafiya ta zauna daram, duk layi ya ƙare da "ba" ko "na", amma kana rerawa sai ka ji wani ɗango, wato layi ɗaya na baiti, yana ɗingishi, ka cusa gaɓa ta yi yawa ko kana jan wasalin da ba ya jawuwa don kari, wato ma'aunin waƙar, ya cika.

Ku tuna Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya auna waƙarsa ta Imfiraji, wasu ne suka rubuta, kuma har yau almajirai na rera ta ba tuntuɓe.

Ni ƙanwata nake ba ta karanta min, duk inda ta yi turus nan nake gyarawa, jiya ma sai da na zubar da baiti biyu. Sannan a baitin ƙarshe ka sa sunanka da shekara yadda magabata ke yi, saboda masu kwafa.