Yadda ake zagaya unguwannin tsohon birnin Ƙudus

Tsohon birnin Ƙudus bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba, kuma ganuwar da Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya gina tsakanin 1537 da 1541 ce ta kewaye shi. Ƙofofinta takwas, bakwai a buɗe, Babur Rahma a toshe. Abin da ke ɓata wa baƙo ziyara ba nisa ba ne, rashin dacewa da rana da ƙofa ne.

Fara zaɓen rana. Juma'a lunguna kan cika maƙil da masallata. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar shagunan Yahudawa a rufe suke. Lahadi kuma ta Kiristoci ce. Mai son ganin ko'ina a yini guda ya zo tsakanin Litinin da Alhamis, da sassafe.

Shiga ta Babul Amud, ƙofar arewa da ake kira Ƙofar Dimashƙ. Kana gangarowa hanya za ta rabu biyu. Ta hagu ita ce Al-Wad, wadda ta ratsa unguwar Musulmi, mafi girma a cikin unguwanni huɗu na birnin. Bi ta har Kasuwar Auduga (Suƙul Ƙaɗɗanin), rufaffiyar kasuwa ta zamanin Mamlukawa da ke ɓullewa harabar Masallacin Ƙudus. 'Yan sanda na tsaye a bakin ƙofa, kuma sukan nemi fasfo ko su ce baƙon da ba su sani ba ya karanta Fatiha. Wanda ba Musulmi ba ta Babul Magariba kaɗai yake shiga, ta gadar katako, a 'yan sa'o'i ƙalilan, ban da Juma'a da Asabar. A ciki kada ka rikice: mai kubbar zinariya ita ce Ƙubbatus Sakhra da Abdulmalik ɗan Marwan ya gina wajen 691, mai kubba ruwan toka a kudu kuma shi ne masallacin Ƙibli.

Da za ka fita, bi ta Babul Majlis. A nan ne 'yar unguwar 'yan Afirka take, cikin tsofaffin masaukan alhazai biyu masu fuskantar juna. Kakanninsu daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal suka zo, har da Hausawa. Gidajen mutane ne, sai da sallama.

Hanyar dama daga Babul Amud kuwa, Khanuz Zait, ita ke kai mutum unguwar Kirista da Cocin Kabarin Almasihu. Ƙofar cocin a ɓoye take, babu wuya a wuce ta. Hasumiyar Masallacin Umar da ke daura da ita ce alama. Iyalan Musulmi biyu, Juda da Nusaiba, su ke riƙe da makulli da aikin buɗewa tun ƙarnoni. Layin shiga kabarin kan yi tsawo da zarar motocin 'yan yawon buɗe ido sun iso, shi ya sa sammako ya fi.

Unguwar Armeniyawa ƙarama ce, yawancinta a bayan katanga. Cocinsu na Waliyyi Yaƙub lokacin ibada kawai ake buɗe shi, kusan ƙarfe 3 na rana.

Daga nan gangara unguwar Yahudawa, inda akwai ginshiƙan titin Kardo na Rumawa da majami'ar Hurva da aka sake ginawa a 2010. Filin Bangon Yamma, wurin ibadar Yahudawa wanda Musulmi ke kira Bangon Buraƙa, yana inda unguwar Magariba (mutanen Arewacin Afirka) take kafin a rushe ta a 1967. Akwai binciken jaka, maza da mata gefe daban-daban, namiji ya rufe kai, ranar Asabar kuma ba hoto, ba waya.

Duwatsun ƙasa sun goge saboda tafiya, suna da santsi musamman da ruwan hunturu, don haka sa takalmi mai riƙo. Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa. Riƙe ƙananan shekel (kuɗin Isra'ila) don masu tebur, kuma ka tambayi halin tsaro a masauki kafin fita, domin ana iya rufe ƙofa ba sanarwa.